Tambayoyi da Amsoshi Kan Fita Cin Abinci da Jama'a Masu Yawa a Gidan Abincin Ƙasashen Asiya

Gidajen abincin da ke haɗa girke-girken ƙasashen Asiya a jeri guda sun yawaita a Abuja da Legas, kuma duk wanda fatauci ko karatu ya kai shi Dubai, Landan ko Kuala Lumpur zai same su birjik. Zuwan mutum biyu ko uku ba ya bukatar wani shiri, amma idan aka ce iyali ne gaba ɗaya, ko abokan aiki, ko ɗaliban da suka kammala karatu tare, to akwai abubuwan da ya kamata a daidaita tun kafin a bar gida. Ga tambayoyin da masu shirya irin wannan fita suka fi yi.

Wane irin gidan abinci ake nufi?

Ana nufin wurin da bai tsaya kan girkin ƙasa ɗaya ba. A takardar jerin abincinsa za a ga soyayyiyar shinkafa da taliya irin na ƙasar Sin, da sushi (dunƙulen shinkafa da kifi ko ganye) da ramen (taliya a cikin romo) na Japan, da miyar madarar kwakwa ta Tailan, da romon pho na Biyetnam, da gasasshen nama irin na Koriya, da rendang da sate na Indonesiya da Malesiya, wani lokaci har da biryani na Indiya. Amfanin wannan ga taron jama'a a bayyane yake, domin da wuya a rasa abin da kowa zai iya ci. Sai dai ya kamata a sani cewa kicin ɗaya ba zai ƙware a girkin ƙasashe bakwai daidai wa daida ba. Kusan kowane irin wannan wuri yana da ɓangaren da ya fi ƙarfi a kai, wanda galibi yake bin inda babban kukun ya koyi sana'arsa, kuma babu laifi a tambayi manaja kai tsaye wane ɓangare ne baƙinsu suka fi komawa dominsa.

Yaushe ya kamata a kama wuri, kuma me za a faɗa musu?

Idan mutane sun kai takwas, a kama wuri tun da sauran kwanaki. Idan sun haura ashirin, ko kuma fitar ta faɗo daren Juma'a, daren Asabar ko kwanakin sallah, a ba su mako guda ko biyu. Ya fi kyau a kira da rana, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da cunkoso ya lafa kuma manaja yake da sukunin sauraro.

Abin da za a faɗa shi ne adadin manya da na yara, da ko akwai dattijo ko mai keken guragu da ba zai iya hawa bene ba, da batun halal, da ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci. A kuma tambayi sharuɗɗansu: ko suna karɓar kafin alƙalami, ko ana mayar da shi idan aka fasa, ko ɗaki na musamman yana da mafi ƙarancin kuɗin da dole a kashe, da kuma tsawon lokacin da za su riƙe teburin idan aka makara. Wurare da dama ba sa wuce minti goma sha biyar suna jira, saboda haka wanda ya san halin mutanensa sai ya sanar da su lokacin da ya gabaci na gaskiya da rabin awa.

Batun adadi ne ya fi kawo rikici. A al'adarmu aboki yakan taho da abokinsa, kuma ba a korar baƙo, amma gidan abincin da ya tanadi kujeru goma sha huɗu ba lallai ne ya iya ƙara biyar a daren da ya cika ba. Mai shiri ya nemi tabbacin kowa kwana ɗaya kafin ranar, ya faɗa cikin ladabi cewa kujeru a ƙirge suke, sannan ya ƙara kujera ɗaya ko biyu a lissafinsa saboda 'yan gayyar soɗi da ba a rasawa.

Ta yaya za a tabbatar abincin halal ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma yawancin mutane suna tsayawa a rabinta. Sukan tambaya ko akwai naman alade a cikin abin da suka zaɓa, a ce musu babu, shi ke nan sai hankalinsu ya kwanta. Alhali kuwa abubuwa uku ne ake dubawa: naman kansa, da abin da aka zuba a miya ko romo, da kuma kaskon da aka yi suyar.

Game da nama, a Abuja ko Kano naman sa da na rago galibi daga mahautan gari yake fitowa, don haka batun yanka ba ya da wuyar warwarewa. A Landan ko Bankok kuwa sai an tambaya. Inda alade ya fi ɓuya shi ne a cikin abincin da sunansa bai ambace shi ba. Ƙananan ƙullin fulawa da ake turarawa, waɗanda ake kira dim sum, da yawansu niƙaƙƙen naman alade ne a ciki ko da an rubuta cewa na jatan lande ne, kamar siu mai wanda asalinsa haɗin biyun ne. Ramen nau'in tonkotsu da ƙashin alade ake dafa romonsa na tsawon sa'o'i, kuma ɗora naman kaza a samansa ba ya canza abin da ke cikin ruwan. Soyayyiyar shinkafar da ake kira ta musamman ko ta Yangzhou takan zo da 'yan gutsattsarin gasasshen alade, sannan wasu masu girkin suna amfani da kitsen alade a madadin mai.

Game da miya, giya ce abin lura. Masu girkin Sin suna da giyar shinkafa ta Shaoxing wadda suke jiƙa nama da ita ko su tsiyaya ta a gefen kasko lokacin suya, kuma a wurinsu wannan kayan ƙamshi ne na yau da kullum, ta yadda mai kawo abinci zai iya cewa babu giya a ciki da zuciya ɗaya, domin shi abin sha yake tunani. A girkin Japan akwai mirin da sake, nau'o'in giyar shinkafa, waɗanda su ne ginshiƙin miyar teriyaki, kuma wasu sukan sa mirin a shinkafar sushi. Maganar da ake yawan yi cewa wuta tana ƙone giyar gaba ɗaya ba daidai ba ce, musamman a suyar minti biyu ko uku. Saboda haka a ambaci waɗannan abubuwa da sunayensu, a ce, "Don Allah a tambayar mana kuku, ana sa Shaoxing ko mirin a wannan abincin? Idan ana sawa, za a iya yi mana ba tare da su ba?" Abincin da ake soyawa nan take yana da sauƙin gyarawa, amma miyar da aka haɗa tun da safe a babbar tukunya ba ta gyaruwa, sai dai a zaɓi wani abu.

Game da kasko, a tambaya ko gidan yana sayar da alade kwata-kwata. Idan yana sayarwa, to akwai yiwuwar mai ɗaya ake soya komai a ciki, kuma kaskon da aka gama suyar wani da shi ɗauraya kawai ake yi masa a ɗora na gaba. Ga taron da ya ƙunshi iyaye da malamai, shawarata ita ce a zaɓi gidan da alade ba ya shiga kicin ɗinsa sam, a huta da dogon bincike.

Akwai takardar shaida ko alamar da za a iya dogara da ita?

Akwai, gwargwadon ƙasar da ake. A Malesiya hukumar JAKIM ce ke bayar da shaidar halal, a Singafo kuma MUIS, a Indonesiya akwai BPJPH, a Ingila kuwa an fi sanin HMC da HFA. A Malesiya da Singafo za a ga wasu gidajen sun rubuta cewa ba sa amfani da naman alade ko kitsensa. Wannan sanarwar mai gida ce kawai, ba shaidar hukuma ba ce, kuma ba ta ce komai game da yanka ko giyar girki ba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun san gidajen abincin Musulmin Sin, wato 'yan ƙabilar Hui da Uygur, waɗanda ke da yawa a unguwar Xiaobei, inda ake samun taliyar Lanzhou da romon naman sa da kuma tsiren rago irin na Xinjiang. A inda babu hukumar da ke sa ido, maganar manaja da abin da ido ya gani a jerin abincin su ne madogara.

Miyar waken soya da abincin teku fa?

Baƙar miyar waken soya, wadda kusan babu abincin da ba ta shiga, ana yin ta ne ta hanyar tsima waken soya da alkama da gishiri na tsawon watanni, kuma a cikin wannan tsimin ɗan abin maye kaɗan yakan samu da kansa. Malamai sun yi magana a kan irin wannan, kuma hukumomin halal suna ba wasu nau'o'inta shaida, har kamfanoni suna yin na musamman domin kasuwannin Musulmi. Wanda yake da shakka ya tambayi malaminsa tun a gida, kuma ya nemi a nuna masa kwalbar da gidan ke amfani da ita.

Abincin teku kuwa, a mazhabar Malikiyya wadda mafi yawan Hausawa ke bi, dabbobin ruwa halal ne, da kifi da jatan lande da ƙaguwa da sauransu. A mazhabar Hanafiyya an taƙaita halaccin ga kifi, saboda haka idan a cikin baƙin akwai mutumin Pakistan, Turkiyya ko Indiya, yana da kyau a tambaye shi kafin a cika teburi da ƙaguwa.

Wane abinci ne ya fi sauƙi ga wanda bai saba ba?

Bahaushe ya fi kusa da wannan girki fiye da yadda yake zato. Awarar da ake soyawa a bakin titi ita ce tofu, wadda asalinta daga Sin ne. Indomie da yara ke ci kullum daga Indonesiya ta samo asali. Sate nama ne da aka soke a tsinke aka gasa a gawayi ana ci da miyar gyaɗa, don haka mai cin tsire ba zai ji baƙunta ba. Tsamiya ce ke ba pad thai, soyayyiyar taliyar Tailan, ɗan tsaminsa, citta da tafarnuwa da riɗi kuwa suna ko'ina.

Ga dattawan da ba sa son gwaje-gwaje, rendang zaɓi ne mai kyau: naman sa ne da mutanen Minangkabau na yammacin Sumatra ke dafawa da madarar kwakwa da kayan ƙamshi a ƙaramar wuta har ruwan ya ƙafe, naman ya yi duhu ya yi laushi. Haka nan soyayyiyar shinkafa da ƙwai, da gasasshiyar kaza, da kifin da aka turara da citta da albasa mai lawashi. Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne zaƙi a cikin abincin nama, domin miya mai zaƙi da tsami da kuma teriyaki duk suna da sukari sosai, kuma mutane da yawa a wajenmu ba sa son nama mai zaƙi. Kada a bari irin waɗannan su wuce kwano ɗaya ko biyu a teburi.

Kowa ya zaɓi nasa ne, ko a haɗa a yi oda ɗaya?

A haɗa. An tsara yawancin girkin Sin da Tailan ne domin a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba, kuma idan mutum goma sha biyar suka yi oda goma sha biyar mabambanta, kicin zai rikice, wasu za su gama ci kafin na wasu ya iso. A wakilta mutum ɗaya ko biyu waɗanda suka san abincin, su tattara bukatun jama'a tun a waya, su tura wa gidan jerin kwana ɗaya kafin zuwa. Wasu abubuwan ma dole ne a yi odarsu tun da wuri, kamar gasasshiyar agwagwa irin ta Beijin wadda shirinta ke ɗaukar lokaci mai tsawo.

Ma'aunin da aka saba bi shi ne kwanon abinci ɗaya ga kowane mutum, ban da shinkafa. Teburin mutum goma zai wadatu da kwano takwas zuwa goma: biyu na kaza, biyu na jan nama, ɗaya ko biyu na kifi ko jatan lande, biyu na ganye ko awara, da taliya ɗaya ko biyu, sai farar shinkafa mai yawa. A nan ne ya kamata a yi wa ma'aunin gyara, domin ƙaramin kwanon shinkafar da suke kawowa a matsayin na mutum ɗaya ba ya kai wa mai cin tuwo ko'ina, kuma ƙarin shinkafa ya fi ƙarin nama araha nesa ba kusa ba. Ya fi kyau a sa a kawo kwano biyu na abu ɗaya da kowa ke so, a ajiye ɗaya a kowane gefe, da a kawo abu ashirin da kowa zai samu cokali guda. Idan gidan yana da tsararren jeri na taro mai farashi a kan kowane mutum, a duba shi da kyau, domin yana sauƙaƙa lissafi, kuma galibi suna yarda a musanya abu ɗaya ko biyu.

Wane irin zama ya fi dacewa?

Teburi mai zagaye ya fi dogo. Babban teburin zagaye yana ɗaukar mutum goma zuwa goma sha biyu, kowa yana ganin fuskar kowa, kuma a tsakiyarsa akwai faifan gilashi mai juyawa wanda ake ɗora abinci a kai. A dogon teburi kuwa hira takan rabu gida uku ko huɗu, na wannan ƙarshen bai san abin da na wancan ƙarshen ke ciki ba, kuma kwanon da aka ajiye a tsakiya ba ya isa gefe sai ya huce. Idan mutane sun kai ashirin da biyar, a nemi teburi biyu ko uku kusa da juna, a kawo wa kowanne abinci iri ɗaya. Wannan yana kuma warware batun iyalan da suka fi son mata su zauna a nasu teburin, da surukan da ba za su iya cin abinci a gaban juna ba.

Faifan yana da ladubbansa. Ba a juya shi alhali wani yana cikin ɗiba, ba a barin cokalin zubawa ya leƙo waje inda zai ture kofi, kuma idan sabon kwano ya iso ana juya shi ya tsaya a gaban babba tukuna. A al'adar Sinawa kujerar da ke fuskantar ƙofa ita ce ta babban baƙo, mai masauki kuma yakan zauna kusa da inda ake shigo da abinci. Wannan tsari bai saɓa wa namu ba, kuma yana da amfani a aikace, domin mai shiri yana iya magana da ma'aikata ba tare da ya tsallaka kan kowa ba.

Me ya sa abincin ba ya zuwa lokaci ɗaya?

Saboda yadda ake girka shi. Ana suya ne a babban kasko mai zurfi da ake kira wok, a kan wuta mai tsananin ƙarfi, kwano ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da ya sauka ake fitar da shi tun yana tururi. Sushi daga wani sashe yake fitowa, gashi kuma daga wani. Idan an haɗa oda, wannan ba matsala ba ce, sai a yi bismillah da abin da ya fara isowa. A roƙe su dai su kawo shinkafa tare da kwanon farko, domin a tsarin liyafar Sinawa shinkafa da taliya a ƙarshe suke zuwa, kuma jama'armu za su zauna suna kallon nama yana hucewa suna jiran abin da za su ci da shi.

Abincin yana da yaji sosai?

Ya danganta da yankin. Girkin Japan da na yankin Kanton na ƙasar Sin ba su da yaji, na Tailan da yankin Sichuan na Sin da wasu na Koriya kuwa suna da shi ƙwarai. Wanda ya saba da attaruhu ba zai sha wahala da barkonon Tailan ba, amma akwai abu biyu da suka bambanta da yajin da muka sani. Masoron Sichuan yana sa leɓe da harshe su yi wani irin zuga kamar sun mutu na ɗan lokaci, wasabi kuma, koren abin da ake ajiyewa a gefen sushi, hanci yake hawa nan take sannan ya sauka. A gargaɗi yara da sababbin zuwa kada su ɗauke shi a loma ɗaya. Ga taro, a sa a yi yawancin abincin da matsakaicin yaji, a kawo man barkono daban domin masu so.

Idan akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande fa?

A ɗauki wannan da matuƙar muhimmanci, domin ga wasu mutane abin ba ya tsayawa a borin jini da ƙaiƙayi, yakan kai ga kumburin maƙogwaro da toshewar numfashi. Girkin Asiya cike yake da abubuwan da suka fi tayar da irin wannan: gyaɗa, riɗi, waken soya, alkama, ƙwai, kifi da jatan lande. Da yawa kuma ba a ganin su da ido. Ruwan kifin da aka tsima yana cikin kusan kowace miyar Tailan da Biyetnam, niƙaƙƙen jatan lande da ake kira belacan ko terasi yana cikin yajin sambal da kuma haɗin kayan ƙamshin miyar kori (curry) na Tailan, miyar kawa kuma tana shiga har cikin soyayyen ganye. A Ingila doka ta wajabta wa gidajen abinci bayar da bayani kan abubuwa 14 masu tayar da wannan larura, amma a inda babu irin wannan doka nauyin yana kan mai shiri. A faɗa lokacin kama wuri, a maimaita lokacin da aka zauna, a sa a kawo wa mutumin kwanonsa daban da cokalinsa daban, kuma kada ya ɗiba daga faifan tsakiya inda cokula ke cakuɗuwa. Idan yana da maganin da likita ya ba shi, ya taho da shi.

Gaskiya ne suna zuba farin magi da yawa?

Wasu suna sawa, wasu ba sa sawa. Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ne ya gano sinadarin a 1908 daga ciyawar teku da ake yin romo da ita, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano yana nan a tumatir da daddawa, kuma yana cikin dunƙulen da muke sawa a miya kullum. Hukumomin kula da abinci sun amince da shi a gwargwadon da aka saba ci. Abin da ya fi cancantar damuwa ga mai hawan jini shi ne gishiri, domin miyar waken soya da ruwan kifi cike suke da gishiri, kuma ana iya roƙon a rage su.

Dole ne a ci da tsinkaye biyun nan da Sinawa da Japanawa ke cin abinci da su?

Ba dole ba ne, kuma neman cokali ba abin kunya ba ne. Mutanen Tailan da kansu da cokali da cokali mai yatsu suke cin shinkafa, a Malesiya da Indonesiya kuma cin abinci da hannun dama sananne ne. Wanda ya ɗauki tsinkayen ya kiyaye abu biyu: kada ya kafa su a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ya miƙa wa wani abinci daga tsinke zuwa tsinke, domin na farko yana da alaƙa da al'adun jana'iza a Sin da Japan, na biyu kuma a Japan.

Za a iya zuwa da yara, masu juna biyu da tsofaffi?

Za a iya, da ɗan lura. Ba kowane sushi ne ɗanye ba, akwai na dafaffen jatan lande da na kokwamba da na ƙwai, amma sashimi ɗanyen kifi ne tsantsa, kuma ya fi kyau masu juna biyu, ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki su bar shi. Idan za a ci irin abincin da ake dafawa a kan teburi, wato tukunyar romo mai tafasa ko gashin Koriya, a zaunar da yara nesa da wutar, kuma a ware abin ɗaukar ɗanyen nama daban da na ci. A sa a fara kawo abincin yara, domin yaron da ya ƙoshi ya fi zama wuri ɗaya.

Wa zai biya, kuma ta yaya?

A yanke wannan tun a saƙon gayyata. A wajenmu wanda ya ce "ku zo mu je" shi ake ɗauka zai biya, kuma kara ba za ta bar kowa ya tambaya ba, sai takardar kuɗi ta iso a shiga kallon-kallo, ko kuma manya biyu su hau rantse-rantse kowa yana cewa shi zai biya alhali ma'aikaci na tsaye da na'urar POS. Idan mutum ɗaya ne ya ɗauki nauyi, ya tashi a hankali kafin a gama ya biya a wurin karɓar kuɗi. Idan karo-karo ne, a faɗi kimanin abin da zai faɗo wa kowa tun farko, a tura wa mutum ɗaya kuɗin kafin ranar, shi kuma ya biya gaba ɗaya. Gidaje da yawa ba sa yarda su raba takarda gida goma sha biyar, kuma ko sun yarda, tsayawa jiran kati goma sha biyar su wuce a daren da sabis ke wasa ya isa ya ɓata daɗin fitar.

Tun da abincin na tarayya ne, raba kuɗi daidai shi ne ya fi sauƙi, amma a cire yara daga lissafi ko a ƙirga su rabi, kuma a sanar tun farko cewa wanda ya ƙara wani abu mai tsada domin kansa shi zai biya. Abin sha ne ya fi kumbura lissafi ba tare da an ankara ba, don haka a sa a kawo manyan gorunan ruwa da butar shayi domin kowa. Idan a cikin abokan aiki akwai masu shan giya, a nemi a rubuta musu tasu takardar daban.

Me ya sa kuɗin ya fi abin da aka lissafa daga jerin abinci?

Saboda haraji da ladan hidima, waɗanda sau da yawa ba sa cikin farashin da aka rubuta. A Najeriya harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun daga 2020, jihar Legas tana da ƙarin kashi 5 na harajin cin abinci a otal da gidajen abinci, sannan gidan kansa yana iya ɗora ladan hidima. Idan abinci ya kama naira 400,000, VAT zai zama 30,000, ladan hidima na kashi 10 kuma 40,000, jimla 470,000 ke nan tun ba a sa harajin jiha ba. A Ingila an saba ganin kashi 12.5 na hidima, a Malesiya da Singafo kashi 10 ban da haraji, a Amurka kuwa gidaje da yawa suna ɗora wa babban taro kashi 18 zuwa 20 kai tsaye. A Japan ba a bayar da tukuici sam. A duba takardar layi-layi kafin a biya, domin a taro mai yawa ana iya rubuta kwano sau biyu bisa kuskure, kuma idan an riga an sa ladan hidima, ƙarin tukuici ganin dama ne.

Yaya batun sallah da buɗa-baki?

Idan zaman zai ratsa magariba, a tambaya ko akwai wurin sallah da na alwala, ko kuma a sa lokacin bayan isha'i. A watan azumi kowa a minti ɗaya yake son abincinsa, kuma kicin da ke suya kwano-kwano ba zai iya biyan wannan bukata ba sai an tura oda tun da rana. A ce su ajiye ruwa, dabino da romo a teburi kafin a kira sallah, a kawo manyan kwanuka bayan an idar.

Za a iya tafiya da ragowar abinci?

A mafi yawan wurare za a iya, kuma za su juye shi a roba idan aka nema, ban da wuraren da ake biyan kuɗi ɗaya a ci iya ci, waɗanda ba sa bari a fita da komai, wasunsu ma suna cajin abin da aka bari a faranti. Ɗanyen kifi ba a tafiya da shi. Shinkafa kuma tana bukatar kulawa ta musamman, domin akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta kashe ƙwayayenta, kuma idan shinkafar ta daɗe a ɗumi takan fitar da gubar da ɗumame ba ya karyawa. A sa ta a firji cikin awa ɗaya ko biyu, a cinye ta washegari bayan an ɗumama ta ta yi zafi sosai. Idan babu tabbacin wutar lantarki a gida a wannan daren, ya fi kyau a ba masu gadi ko direbobin da suka yi jira a waje tun tana da zafi.